WANDA YA TAIMAKI MALAMIN LISSAFI YA TAIMAKI GARI

 

Da yawa daga cikinmu sun taɓa jin irin wannan magana daga bakin 'ya'yansu. Yaro ya dawo daga makaranta, uba ya tambaye shi, "Me aka koya muku yau a lissafi?" Sai yaro ya ce, "Baba, ai ba mu da malamin lissafi. Tun da aka ɗauke wancan ba a kawo wani ba." Haka zango zai wuce, wani zango ya shigo. Ranar jarrabawa kuwa babu wanda zai tambayi yaron ko yana da malami. Takarda iri ɗaya za a ba shi da ɗan birni.

Wannan matsala ba a ƙauyukanmu kaɗai take ba. Tana nan a ƙasashe da yawa, har da ƙasashen masu arziki. A wasu wurare, masu hannu da shuni sun tashi tsaye don su taimaka. Abin da suka gano shi ne, hanya mafi kusa ta taimakon ɗalibi ita ce a taimaki malaminsa. A wannan wata za mu ba ku labarin wani malamin ƙauye a ƙasar Kenya, da wasu attajirai guda biyu. Daga nan sai mu duba darasin da za mu ɗauka.

INA AMFANIN KIMIYYA DA LISSAFI GA MUTUMIN ƘAUYE?

Kimiyya ita ce ilmin binciken halittun Allah, kamar ruwa, ƙasa, iska, tsirrai, dabbobi da jikin ɗan Adam. Lissafi kuwa ilmin ƙirga ne da awo. Dukanmu muna aiki da su kullum, ko da ba mu san sunansu ba.

Manomi yana lissafi lokacin da yake ƙiyasta buhun taki nawa zai ishi gonarsa. Yana lissafi lokacin da yake auna maganin feshi a cikin ruwa. Idan magani ya yi yawa, shuka ta ƙone. Idan ya yi kaɗan, ƙwari su cinye amfani. Uwar gida da ke haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa, ita ma awo take yi. Mai sayar da ƙosai tana lissafin wake da mai da itace kafin ta san ko ta ci riba.

Akwai kuma wani abu mai muhimmanci. A Nijeriya, ɗalibi ba zai samu shiga karatun likita ko aikin jinya ba sai ya ci darussa biyar da kyau a jarrabawar gama sakandare. A cikinsu dole akwai Turanci da lissafi da darussan kimiyya. To, garin da makarantarsa ba ta da malamin kimiyya, yaushe zai samu likita ɗan gari? Yaushe zai samu unguwarzoma ta asibiti daga cikin 'ya'yansa mata? Kullum sai dai a jira baƙo, ko a ɗauki mai naƙuda a kan babur zuwa wani gari. Rashin malami guda ɗaya yakan rufe wa yara da yawa ƙofa.

ME YA SA WAƊANNAN MALAMAI SUKE ƘARANCI?

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi, wato UNESCO, ta fitar da wani rahoto a shekarar 2024. Ta ce duniya tana bukatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin shekarar 2030. Daga cikinsu, miliyan 15 ana bukatarsu ne a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara. Ƙarancin malamai ke nan gaba ɗaya. Na kimiyya da lissafi kuwa sun fi wuyar samu. Ga dalilai:

Na farko, masu karanta waɗannan darussa ba su da yawa tun asali.

Na biyu, wanda ya iya lissafi da kimiyya yana da kasuwa. Banki yana son sa, kamfani yana son sa, kuma albashinsu ya fi na koyarwa. Sai mutum ya yi shekara biyu ko uku yana koyarwa, da ya samu wata hanya ya ajiye alli.

Na uku, zaman ƙauye yana da wuya ga baƙo. Babu gidan haya mai kyau, babu lantarki, hanya ba ta biyuwa da damina. Malami ya bar iyalinsa a birni, yana ciyar da gida biyu da albashi ɗaya. Sai ya yi ta neman a mayar da shi.

Na huɗu, babu kayan aiki. Kimiyya ilmi ne na gani da ido da taɓawa da hannu. Malamin da ba shi da komai sai allo da alli, kamar manomi ne da aka ba shi gona ba fartanya.

Na biyar, kaɗaici. Sau da yawa shi kaɗai ne mai wannan darasi a makarantar. Idan wani abu ya shige masa duhu, ba shi da wanda zai tambaya.

Duk waɗannan matsaloli sun fi tsanani a makarantun talakawa. Makarantar kuɗi tana iya ƙara wa malami albashi ta riƙe shi. Makarantar ƙauye ba ta da wannan ƙarfi.

LABARIN MALAM PETER TABICHI

Ƙasar Kenya tana gabashin Afirka. A can akwai wani yanki da ake kira Nakuru. A cikinsa akwai wani ƙauye mai suna Pwani, inda ake yawan fama da fari da yunwa. A ƙauyen akwai wata sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati mai suna Keriko, wadda maza da mata suke karatu a cikinta. A nan ne wani malamin lissafi da kimiyya mai suna Peter Tabichi ya yi aikin da ya sa duniya ta san shi.

An haifi Malam Tabichi a shekarar 1982. Mahaifinsa ma malamin makaranta ne. Da farko yana koyarwa ne a wata makarantar kuɗi mai kayan aiki. Sai ya bar ta don kansa, ya koma makarantar talakawa.

Ga halin da makarantar take ciki a shekarar 2019. Kashi 95 cikin 100 na ɗaliban 'ya'yan talakawa ne. Kusan ɗaya cikin kowane uku maraya ne, ko kuma mahaifi ɗaya ne yake riƙe da shi. Wasu sukan zo aji ba su karya kumallo ba. Wasu sukan yi tafiyar kilomita 7 a ƙasa, wato mil huɗu da 'yan kai. Kowane malami guda yana da ɗalibai 58. Kwamfuta guda ɗaya tak makarantar take da ita.

Malam Tabichi bai zauna yana jiran a kawo masa kaya ba. Yakan je gari, ya shiga shagon intanet, ya kwafo darussa da hotuna, ya kawo wa ɗalibansa su gani. Ya faɗaɗa ƙungiyar kimiyya ta makarantar, inda yara suke ƙirƙirar abubuwa da hannunsu. Shi da wasu malamai huɗu sukan zauna da yaran da aka bari a baya, ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi da kuma ranakun hutun mako. Yakan bi ɗalibai har gida, ya gaisa da iyayensu, ya ga abin da yake hana yaro karatu.

Aikinsa bai tsaya a aji ba. Ya riƙa nuna wa mutanen ƙauye yadda ake noman abubuwan da suke jure fari. Ya kuma kafa ƙungiyar zaman lafiya a makarantar, domin ɗalibansa ƙabilu daban-daban ne, kuma yankin ya sha fama da rikici bayan zaɓen ƙasar na shekarar 2007.

Bayan wannan duka, yakan ba da kashi 80 cikin 100 na albashinsa don taimakon mabukata. Wato idan albashin naira 100 ne, sai ya ba da 80, ya riƙe 20. Da irin wannan kuɗi ake saya wa yara littattafai da kayan makaranta.

A nan sai mu yi wani bayani. Malam Tabichi Kirista ne, ɗan ɗarikar Katolika. Yana cikin wata ƙungiya ta masu gudun duniya da ake kira Faransiskan. 'Yan wannan ƙungiya ba sa aure, ba sa tara dukiya. Shi ya sa ya iya ba da mafi yawan albashinsa. Malamin garinku mai mata da 'ya'ya ba zai iya haka ba, kuma bai kamata a nemi ya yi ba. Shi ma a taimaka masa ya kamata.

ABIN DA AIKIN YA HAIFAR

Cikin shekara uku, yawan ɗaliban makarantar ya ninka, ya kai 400. A shekarar 2017, ɗalibai 16 ne cikin 59 suka wuce makarantun gaba da sakandare. A 2018 kuwa 26 ne suka wuce. 'Yan mata ma sun yi fice, har suka riƙa wuce maza a jarrabawa.

A shekarar 2018 aka yi gasar kimiyya ta makarantun ƙasar Kenya. Ɗaliban Keriko suka kai wata na'ura da suka ƙera, wadda take taimakon makafi da kurame wajen auna abubuwa. Makarantarsu ce ta zo ta ɗaya a cikin makarantun gwamnati. Wata ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar Ingila kuma ta ba su lambar yabo, saboda sun samar da lantarki daga tsirran yankinsu. Daga nan suka cancanci zuwa gasar duniya da aka yi a jihar Arizona ta Amurka a shekarar 2019.

Ku duba fa, waɗannan yaran ƙauye ne masu zuwa makaranta a ƙasa. Wannan ya nuna mana cewa ɗan talaka ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Malami ya rasa.

ATTAJIRI NA FARKO: SUNNY VARKEY

Yaya aka yi duniya ta ji labarin wannan malami? Ta hanyar wani attajiri ne mai suna Sunny Varkey. An haife shi a ƙasar Indiya a shekarar 1957. Iyayensa duka biyu malaman makaranta ne. Sun yi ƙaura zuwa Dubai, a ƙasar Larabawa, suna koyar da Turanci. Da ɗansu ya girma, sai ya kafa kamfanin makarantun kuɗi, ya yi arziki mai yawa.

A shekarar 2010 ya kafa gidauniya. Gidauniya ita ce asusun da ake ware dukiya a cikinsa don aikin taimako. Abin da ya dame shi shi ne, duniya ta san 'yan ƙwallo da mawaƙa, amma ba ta san malamai ba. Saboda haka gidauniyar tasa ta fito da wata kyauta ta gwarzon malami na duniya. Wanda ya ci yakan samu dalar Amurka miliyan ɗaya. An fara bayar da ita a shekarar 2015.

A shekarar 2019, an gabatar da sunayen malamai kimanin 10,000 daga ƙasashe 179. Aka yi ta tacewa har aka fitar da goma. A ranar 24 ga watan Maris na wannan shekara, a wani babban taro a Dubai, aka kira sunan Peter Tabichi. Yana da shekara 36 a lokacin. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar. A canjin kasuwa na wancan lokaci, kuɗin sun kai kimanin naira miliyan 360.

Ba a ba da kuɗin a dunƙule. Ana biya ne kashi-kashi cikin shekara goma. Akwai kuma sharaɗin cewa wanda ya ci zai ci gaba da koyarwa na aƙalla shekara biyar. Dalili a fili yake. Ana so kyautar ta riƙe malami a aji, kada ta zama sanadin fitarsa.

A shekarar 2020 wani malamin firamaren ƙauye daga Indiya ne ya ci, mai suna Ranjitsinh Disale. Nan take ya ce zai raba rabin kuɗin ga sauran malamai tara da suka kai zagayen ƙarshe tare da shi. Kowanne ya samu kimanin dala 55,000. A cikin taran nan har da ɗan Nijeriya, Olasunkanmi Opeifa, wanda yake koyarwa a lokacin a sakandaren gwamnati ta Karu da ke Abuja.

ATTAJIRI NA BIYU: JIM SIMONS

Yanzu sai mu tsallaka zuwa ƙasar Amurka, mu ga wata hanyar daban. Wani zai yi mamaki, ya ce har Amurka ma ana rasa malamin lissafi? Ƙwarai kuwa. A can ma kamfanoni suna janye waɗanda suka iya lissafi, saboda sun fi makaranta biya.

Jim Simons masanin lissafi ne, an haife shi a shekarar 1938. Ya yi shekaru yana koyarwa a jami'a. Daga baya ya shiga harkar juya kuɗi, ya yi amfani da ilmin lissafinsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar. Da yake shi kansa ya bar koyarwa ya shiga kasuwanci, ya san abin da yake fitar da malami daga aji.

A shekarar 2004 ya kafa wata ƙungiya a birnin Niyu Yok. Sunanta Math for America, ma'ana Lissafi Domin Amurka. Ta fara da malaman lissafi, daga baya ta haɗa da na kimiyya. Malaman makarantun gwamnati take taimaka wa, inda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa.

Ga yadda tsarin yake. Ƙungiyar tana zaɓen malamai masu ƙwazo. Malamin da aka zaɓa zai ci gaba da koyarwa a makarantarsa, gwamnati tana biyansa albashinsa yadda ta saba. Sai ƙungiyar ta ƙara masa alawus. Shekaru da dama abin da ake ba ƙwararren malami shi ne dala 15,000 a shekara, har shekara huɗu. Jimla dala 60,000 ke nan.

Bayan kuɗi, akwai haɗuwa. Malaman sukan taru bayan an tashi daga makaranta, su koya wa juna dabarun koyarwa. Wanda ya daɗe a aiki yana jan hannun sabo. Ta haka aka magance kaɗaicin nan da muka ambata. Yawan malaman da suke cikin shirin ya kai kimanin 1,000 a lokaci guda. Da gwamnatin jihar ta ga amfaninsa, sai ta kafa irinsa da kuɗinta a shekarar 2013. Jim Simons ya rasu a watan Mayu na shekarar 2024, yana da shekara 86.

BAMBANCIN HANYOYIN BIYU

Hanyar Varkey ta ɗaga darajar malami. Ta sa shugabanni da 'yan jarida sun waiwayi wani ƙauye da ba a san shi ba. Yaro zai ga hoton malami a jarida, ya ce shi ma yana son ya zama malami. Wannan amfani ne babba. Amma mutum ɗaya ne yake samu a kowane karo. Dubban malamai masu irin ƙoƙarin Tabichi suna nan babu wanda ya ji labarinsu.

Hanyar Simons ba ta da amo sosai, amma ta shafi malamai da yawa, kuma tana tafiya shekara da shekaru. Manomi ya san wannan bambanci. Ruwan sama mai ƙarfi na dare ɗaya yana cika tafki. Amma wanda yake zuwa a kai a kai shi ne yake kai gero ga nuna.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa su. Dukansu biyu sun sa kuɗinsu ne a kan mutum, wato malami. Mu kuwa mun fi sabawa da gina aji ko katanga, domin gini ana ganinsa, ana rubuta sunan wanda ya yi. Gini yana da kyau. Amma aji mai sabon fenti wanda babu malami a ciki, ɗakin zama ne kawai.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. A ce malami yana koyar da aji huɗu, kowane aji da yara 50. Yara 200 ke nan. Idan taimakonka ya sa ya zauna a garinku shekara biyar maimakon ɗaya, yara nawa za su ratsa ta hannunsa? A cikinsu wani zai zama malami, shi ma ya koyar da wasu. Wannan ita ce sadaka mai gudana da malamanmu suke yi mana wa'azi a kanta.

NAUYIN GWAMNATI YANA NAN

Kada wani ya ɗauka cewa taimakon attajiri ya ɗauke wa gwamnati nauyi. Ɗaukar malamai da biyansu albashi a kan lokaci haƙƙi ne a wuyan hukuma. Ko a Amurka, ƙari ne kawai ƙungiyar Simons take yi a kan albashin gwamnati.

Mun kuma ga abin da hukuma za ta iya idan ta sa kanta. A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka zuba malamai da kayan aiki. Likitoci da injiniyoyi masu yawa sun fito daga waɗannan makarantu. A ranar malamai ta duniya kuma, wato 5 ga Oktoba, 2020, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi alkawarin alawus na musamman ga malaman kimiyya da masu aiki a karkara. Haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar wakilanmu inda irin waɗannan alkawura suka kwana.

TO, MU ME ZA MU IYA YI?

Ba mu da dala miliyan. Amma kusan kowane gari yana da ɗan kasuwa mai rufin asiri, da babban manomi, da 'ya'yan gari masu aiki a birni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga wasu shawarwari:

1. Masauki. Wanda yake da ɗakin da ba a kwana a ciki, ya ba malami kyauta ko a kan haya mai sauƙi. Malamin da ya kawo iyalinsa gari ba ya saurin tafiya.

2. Abinci da gona. A lokacin kaka, manoma su haɗa masa 'yan kwanonin hatsi. Mai gari yana iya ba shi aron gona.

3. Abin hawa. Keke, ko kuɗin man babur, yana sa malami ya iso aji a kan lokaci.

4. Ɗan ƙari kowane wata. Ƙungiyar iyaye da malamai, ko ƙungiyar 'yan asalin gari mazauna birni, za ta iya ware wani abu. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa na rana ɗaya. Kada a yi alkawarin abin da ba za a iya cikawa ba.

5. Kayan gwaji. Ba duka ne masu tsada ba. Da batir da waya da ƙwan tocila, malami zai nuna yadda lantarki yake tafiya. Da wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, zai nuna amfanin haske ga shuka. Ruwan zoɓo yakan ƙara ja idan aka ɗiga masa lemun tsami, ya kuma sake launi idan aka sa masa kanwa. Wannan ma darasin kimiyya ne. Da sanda da inuwa ana auna bishiya ba tare da an hau ta ba. Idan sanda mai tsawon mita 1 ta yi inuwar mita 2, to bishiyar da inuwarta ta kai mita 20 a daidai wannan lokaci tsawonta mita 10 ne. Fitila mai aiki da hasken rana kuma za ta ba malami damar shirya darasi da dare.

6. Haɗa malamai. A taimaki malaman lissafi da kimiyya na garuruwan da suke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata. Kuɗin mota da abincin rana kawai ake bukata.

7. Rainon ɗan gari. Idan akwai yaro ko yarinya mai kan lissafi, a haɗa kuɗi a kai shi kwalejin horon malamai. A yi yarjejeniya cewa zai dawo ya koyar a gida na wasu shekaru. Wannan shi ne magani mai ɗorewa, domin ɗan gari ba ya neman a mayar da shi gida. A kula da 'ya'ya mata musamman. Malama mace takan sa iyaye su saki jiki su bar 'ya'yansu mata su yi karatu.

8. Girmamawa. Wannan ba ya cin ko kwabo. A gaishe da malami, a gayyace shi suna da biki, a yaba masa a gaban jama'a ranar taron makaranta.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Kafin a sayi komai, a tambayi malamin abin da yake bukata. Sau da yawa akan kai wa makaranta na'ura mai aiki da lantarki, alhali garin babu wuta. Sai ta yi ta shan ƙura a ofishin shugaban makaranta.

A bi ta hannun shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma a sanar da mai gari. Kada a manta da sauran malamai, don kada a haddasa hassada a tsakaninsu. Yaron da bai iya karatu da rubutu ba, ba zai iya lissafi ba. Saboda haka kowane malami yana da ranarsa.

A rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a a taro. A nan ne ku ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za ku yi amfani. Wanda ya koyi rubutu da ƙirga shi ne ya dace ya riƙe littafin asusu.

Mai bayarwa kuma ya yi don Allah. Kada ya ce tun da ya taimaka, dole a ba ɗansa makin da bai ci ba. Kada ya mai da malami yaron gidansa. Shi ma malamin da aka taimaka, ya riƙe amana. Ya zo aiki a kan lokaci, ya koyar tsakani da Allah.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da yake tunanin abin da iyalinsa za su ci da dare, hankalinsa ba zai tsaya a kan allo ba. Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, a wannan mako ka leƙa makarantar garinku. Ka tambayi shugaban makaranta, "Muna da malamin lissafi? Muna da na kimiyya? A ina suke kwana? Me suka rasa?" Abin da ka ji, ka kai shi majalisar mai gari. Ke ma 'yar'uwa, ki tayar da maganar a taron mata. Daga tambaya ake fara gyara.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. A wace ƙasa makarantar Keriko take?
2. Faɗi dalilai uku da suke sa malaman kimiyya da lissafi barin ƙauye.
3. Idan ana ba malami dala 15,000 a shekara, nawa zai samu a shekara huɗu?
4. Idan mutum 40 suka ba da kwano biyu-biyu na gero, kwano nawa malami zai samu?
5. Wace shawara ce a cikin takwas ɗin nan za ta fi sauƙin yi a garinku?

Allah ya ba mu ikon taimakon masu koya wa 'ya'yanmu, ya sa wa karatunsu albarka, amin. Sai mun sadu a wata mai zuwa.